Neman kalma kafin Alhamis: me za mu kira irin su Rubisko?

Mai shirin manoma: Assalamu alaikum malamai. Ranar Alhamis da safe za mu ɗauki shiri a kan shinkafa, kuma kalma ɗaya ta tsayar da ni. Batun Rubisko ne, furotin ɗin nan na cikin ganye da ke kamo iskar kabon ya haɗa ta da wani sukari, daga nan tsiro ya gina abincinsa. Masana na kiran irinsa enzayim. Me zan ce wa manomin Argungu? Sai kuma kalmar "jin" (gene a Turance), wato abin da ke ɗauke da umarnin ƙera shi.

Malamin gona daga Samaru: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni a aji "mahanzarci" nake cewa, don aikinsa hanzarta haɗuwar abubuwa, shi kuwa ba ya ƙarewa, ya gama wannan ya koma wancan. Rubisko dai mai nawa ne, kabon kamar 3 yake kamawa a daƙiƙa, kuma yakan kamo oksijin bisa kuskure, musamman in zafi ya tsananta. Shi ya sa ganye ke tara shi da yawa, har yana cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nitrojin ɗin ganyen shinkafa.

Tsohon malamin Hausa: 'Yata, kada ki je da nisa. Kanwar halitta. Wace uwa ce ba ta san in an jefa kanwa a wake yana saurin nuna ba? Manomi zai gane tun kafin ki rufe baki.

Malamin gona daga Samaru: Baba, Allah ya ƙara girma, amma kanwa narkewa take a tukunya, a cinye ta da waken. Enzayim yana fitowa yadda ya shiga. Ga kuma haɗari: wani zai ji ya ɗauka kanwa za a watsa a fadama.

Tsohon malamin Hausa: To sinadari fa? Kayan maƙera ne na like ƙarfe, yau duk ɗan kimiyya na faɗarsa, ba wanda ya tafi maƙera neman magani. Kalma faɗaɗa take in an ba ta dama. Ku 'yan boko ba ku ba Hausa dama, sai ku ɗauko ta Bature ku sa mata hula ku ce enzayim.

Ɗan Maraɗi: Mu a nan anzim ake ji a makaranta, daga Faransanci. In kuka tsayar da enzayim, kun yi wa Hausawan Najeriya kalma ne kawai.

Ɗalibar fassara: Malam, ai mota da rediyo ma aro ne, kuma ba su rage wa Hausa daraja ba.

Tsohon malamin Hausa: Mota an gan ta da ido. Wannan ba a ganinsa, dole sunan ya yi bayani da kansa. Kuma tun yaushe Kano da Zariya kaɗai ke yanke wa harshe hukunci?

Mai shirin manoma: Baba, don Allah a yi haƙuri, lokaci na ƙurewa. Abin da nake so manomi ya fahimta shi ne gadon wannan abu kashi biyu ne. Rubisko gutsure 16 ne, manya 8, ƙanana 8. Umarnin babban, rbcL, yana cikin koren ɗakin da ke sarrafa hasken rana, kuma ta wajen uwa ake gadonsa. Na ƙaramin, rbcS, yana cibiyar tantani, wato ƙaramin ɓangaren da ake gina jikin tsiro da irinsa, kuma shinkafa na da irin wannan jin guda 5. A Jami'ar Tohoku ta Jafan, Amane Makino da abokan aikinsa sun ƙara ƙarfin rbcS, Rubisko ya ƙaru, kuma a sakamakon da suka fitar a 2020 amfanin ya ƙaru a gonar gwaji, muddin taki ya wadata. Da wace kalma zan faɗi wannan?

Malamin gona daga Samaru: Ki ƙara musu da cewa gero da dawa da masara suna da dabarar tara kabon a kusa da Rubisko, shi ya sa rana ba ta karya su. Tun 2008 aka fara aikin saka wa shinkafa wannan dabara a cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin. Game da jin kuma, ki guji "ƙwayar halitta". Ana faɗarta ga tantani, ana faɗarta ga jin, mai sauraro ya rikice. Ki ce ƙwayar gado.

Ɗan Maraɗi: Ƙwayar gado ta yi, har nan za a gane ta. Kuma a rubuta Rubisko da k, in ba haka ba mai karanta labari zai furta c irin ta "ciki".

Ɗalibar fassara: Mahanzarci na da jam'i mai daɗin faɗa, mahanzarta. Kanwar halitta fa, Baba, ya jam'inta?

Tsohon malamin Hausa: Ba kowace kalma ke neman jam'i ba. Ƙwayar gado na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Mahanzarci kuwa, a kunnena ɗan aike ne mai sauri.

Mai shirin manoma: Ga abin da zan yi. Sau ɗaya a farko zan ce "mahanzarci, wanda masana ke kira enzayim ko anzim", in kawo misalin kanwa a wake tare da gargaɗin Malam, daga nan sai Rubisko da sunansa. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Tsohon malamin Hausa: Amin. A rediyo na bar miki. In maganar littafin makaranta ta taso, ban sa hannu ba tukuna.