Wace makarantar intanet zan shiga in koyi animeshon?

Zaid_Zane: Salam 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Na jima ina zane da hannu kuma na ɗan taɓa manhajar Blender, yanzu so nake in koyi animeshon na gaske, in motsa mutum ya yi tafiya ya yi magana har fuskarsa ta nuna abin da ke ransa. Na ga Animation Mentor da AnimSchool da iAnimate, wacce zan shiga, ko YouTube ma ya wadatar?

Ummi3D: Wslm. Ka taɓa yin ƙwallo mai tsalle?

Zaid_Zane: Ƙwallo kuma yaya Ummi? Ni fa mutum nake son motsawa

Ummi3D: Ai duk inda ka shiga da ƙwallon nan za a tare ka ƙanena 😄 a nan ake koyon nauyi da lokaci da tazara

Abu Hanif: Zaid tsaya in ba ka labari kafin ka saka kuɗinka ko'ina. Ni na shiga wata makaranta, ba cikin ukun da ka lissafa ba, kuma ba zan kama suna ba. Tallarsu cike da ayyukan ɗalibai masu kyau, ashe bayan ka biya abin da za ka tarar bidiyo ne da aka ɗauka tun tuni, kana kallo kana kwaikwayo, in ka tura aikin mako sai a dawo maka da layi ɗaya wai ya yi kyau ci gaba, ko waye ya duba ma ba ka sani ba. Na yi wani mutum yana tafiya, ƙafarsa na zamewa a ƙasa duk taku, ƙugunsa ba ya sauka lokacin da nauyi ya hau ƙafa ɗaya, hannuwa na lilo tsaye ƙiƙam, amma aka ce min ya yi kyau. Wallahi abin har yau yana min ciwo don lokacin da ya tafi ba ya dawowa. Sai da wani da ke aiki a situdiyo ya ga aikin, ya buɗe shi firem bayan firem, wato hoto bayan hoto, yana zane da jan layi a kai, ya bi wuyan hannun yana ɗiga alama a kowane firem sai ga shi maimakon layin ya lanƙwasa sumul ya karye a tsakiya, ya ce ka gani nan ne idon mai kallo yake jin wani abu ba daidai ba ko da bai san mene ne ba. Gyaran da ya min a zama ɗaya ya fi duk abin da makarantar ta ba ni. To abin da kake biya kenan, idon wanda ya san aikin a kan aikinka kowane mako. Darasi kam yana nan birjik kyauta. Kafin ka biya ka tambaye su waye zai duba aikinka da sunansa, wane fim ko wasan kwamfuta ya yi, gyaran a bidiyo yake yi yana zane a kai ko rubutu ne kawai, mutum nawa ne a aji, sannan ajin kai tsaye ƙarfe nawa yake faɗowa a agogonka don in tsakar dare ne kuma kana da aiki da safe ba za ka jure ba. In suka fara kwana-kwana ka kama gabanka.

Ummi3D: Allah Ya mayar da alheri Abu Hanif

Malam Kwamfuta: Ukun da ya lissafa dai tsarinsu kenan, malami mai aiki a masana'antar ne ke duba aikinka. Animation Mentor tun 2005 take, Bobby Beck da Shawn Kelly da Carlos Baena suka kafa ta, mutanen situdiyon Pixar da ILM. AnimSchool kuma David Gallagher ne ya kafa a 2010, daga situdiyon Blue Sky ya fito, su ne masu rig ɗin Malcolm, wato ɗan katun da aka riga aka sa wa ƙasusuwan motsi, da suka saki kyauta. Sai dai ka shirya ma manhajar Maya don da ita aka fi koyarwa.

Blenda_Boy: Mun fara kenan. Maya Maya kullum. Fim ɗin Flow da Blender aka yi shi a Latbiya kuma ya ci Oscar a 2025, me kuma ake nema?

Malam Kwamfuta: Ba wanda ya raina Blender ɗana. Je ka duba tallan ɗaukar aiki na manyan situdiyo ka ƙirga sau nawa za ka ga Maya

Blenda_Boy: Pixar ma ai ba da Maya suke motsa 'yan fim ɗinsu ba, Presto suke da ita tasu ta gida

Malam Kwamfuta: To ka ga ka kawo hujjata da kanka, wanda ya iya aikin manhaja ba ta tsare shi

Blenda_Boy: A'a hujjata ce wannan malam 😂

Ummi3D: Ku biyun nan ko zancen ƙwallo ake sai kun mayar da shi faɗan manhaja. Zaid ka rabu da su. Ka sauke rig kyauta, Blender Studio ma suna da su, ka yi ƙwallo, ka yi wutsiya mai bin jiki, ka yi tafiya, ka yi tsalle. In ka ga ba ka gaji ba sai ka yi maganar makaranta, don mutane da yawa suna son katun amma ba sa son zaman. Firem 24 ne a daƙiƙa ɗaya, daƙiƙa 10 firem 240 kenan, kuma za ka iya shafe makonni a kansu kana jan layuka a giraf edita, inda ake daidaita saurin motsi.

Hafsy_Toons: Ka nemi littafin The Animator's Survival Kit na Richard Williams, bayanin tafiya kaɗai ya isa dalilin mallakarsa. Ƙa'idoji 12 na animeshon ɗin da kowa ke ambato kuma daga littafin The Illusion of Life suke, na Frank Thomas da Ollie Johnston, 1981

Zaid_Zane: Na gode sosai. Amma wai da gaske sai mutum ya ɗauki kansa a bidiyo yana wasan kwaikwayo?

Hafsy_Toons: Sosai ma. Ka kafa waya ka tashi daga kujera ka kalla a hankali, za ka ga sai ka sunkuya gaba ka kawo nauyinka kan ƙafafu kafin ka miƙe, da ka kaɗai ba za ka tuna wannan ba. Kuma kar ka kwafe shi tsaf, manyan tsayuwar jiki za ka tsamo ka ƙara musu gishiri

Blenda_Boy: Ka dai kulle ƙofa kar a shigo a same ka kana kuka ma waya

Abu Hanif: Ƙari kan maganar Hafsy, akwai 11 Second Club, duk wata suna sakin murya ta kusan daƙiƙa 11 kowa ya motsa nasa a kai a yi zaɓe. Ka shiga ko don ka ga yadda mutane daban-daban ke fassara murya ɗaya. Kuma situdiyo dimo ɗinka za su kalla, wato gajeren bidiyon ayyukanka, minti ɗaya mai kyau ya isa, mafi kyawun aikinka a farko, ban ga wanda ya damu da satifiket ba sai in maganar biza ce ta taso.

Sabon Shiga: Afuwan na shigo a tsakiya, laftof mai ram 8GB za ta ɗauki wannan aikin?

Malam Kwamfuta: Za ta lallaɓa da rig mara nauyi. Ba renda za ka yi ba, wato fitar da hoton ƙarshe mai haske da launi, abin da kake so shi ne ta kunna motsin a 24 ba sarƙewa, in ta gaza ka riƙa fitar da ɗan bidiyon gwaji kana kallo. In da hali ka kai ta 16

Zaid_Zane: To ni dai har yanzu ba a ce min wacce zan shiga ba 😅

Ummi3D: Turo ƙwallonka tukuna

Blenda_Boy: A Blender

Sabon Shiga: Malam ram ɗin ana ƙarawa ne ko sai an canza laftof ɗin gaba ɗaya?