Neman shawara: ta ina zan fara koya wa malaman harshe aiki da waya da kwamfuta?

Shugabar sashen harsuna, Katsina:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Ni ke riƙe da sashen harsuna a wata sakandaren 'yan mata: Hausa, Larabci, Turanci da Faransanci. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara a 2024 da masu zana jarrabawa daga waje, amma yaranmu allo da alli kawai suka sani. An kawo mana kwamfutoci, an yi bita, kowa ya karɓi takardar shaida, sai aka garƙame ɗakin. Malamaina sun san aikinsu, har akwai wanda ya koya mini nahawu a cikinsu. Ba na so in kunyata dattijo a gaban 'ya'yan cikinsa. Don Allah a ba ni shawara.

Malamin Hausa, Zariya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ƙyale ɗakin kwamfuta tukuna, ki fara da wayar da ke aljihunsu. A sa wa kowa Hausa a Gboard, wato manhajar rubutu ta waya, don ya samu ƙ da ɗ da ɓ, a kwamfuta kuma manhajar Keyman na yin wannan aikin. Malamin Hausa ba zai yarda da na'urar da ke ɓata masa ƙa'idojin rubutu ba, kuma yana da gaskiya.

Sai saƙon murya, wanda a ganina ya fi komai amfani ga mai koyar da harshe. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, amma murya na nunawa. Malam ya karanta baiti biyu na rubutacciyar waƙa da karinta, ɗaliba ta saurara, ta maimaita, ta turo tata ya gyara. Duk wanda ke aika gaisuwar Juma'a ta WhatsApp ya riga ya iya rabin aikin.

Malamar Faransanci, Maraɗi:
Yaya, mu a nan kuɗin data da wuta ne matsala. Mutum ɗaya ke sauko da shirin RFI na labarai cikin sauƙaƙƙen Faransanci, ya raba wa saura ta Xender ba tare da intanet ba. Ƙaramar sifika mai caji ta ishi aji guda.

Malamin Larabci, Kano:
Ina tare da Malam na Zariya kan saƙon murya, amma a yi hattara, makarantar 'yan mata ce. Kada malami namiji ya riƙa musayar saƙo da ɗaliba su biyu. A karɓi lambar iyaye da izininsu, amsoshin yara su bi ta hannun malama mace. Wadda babu babbar waya a gidansu a kunna mata a aji, kada ta zama saniyar ware.

Tsohon shugaban makaranta, Sakkwato:
'Yata, bitar taro ba ta kama dattawa, domin babu mai son ya yi tuntuɓe a bainar jama'a. Haɗa kowane babba da ƙaramin malami ɗaya, su zauna su biyu. Babban ya tsara tambayoyin nahawu, ƙaramin ya nuna masa yadda ake zuba su a Google Forms, shafin tsara tambayoyi na intanet, wanda ke iya duba amsoshin zaɓi da kansa. Kowa ya ba da nasa, ba a raina kowa ba. Ki sa zaman cikin lokacin aiki, kuɗin data kuma ki nema wajen ƙungiyar iyaye da malamai, kada ya fito daga albashinsu. Ku leƙa Nigeria Learning Passport, dandalin karatu na intanet da gwamnatin tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, kyauta ne kuma akwai darussa da Hausa. Dattawan su fara tantance su kafin yara su gani.

Shugabar sashen:
Na gode Baba, Allah ya saka muku da alheri duka. Ranar Litinin za mu fara da haruffa da saƙon murya, ni zan zauna da malamin nawa da kaina. Malama ta Maraɗi, wace irin sifika kuke amfani da ita, kuma cajinta na kaiwa tashi daga makaranta?