Mudu biyu gare ni a rumfa, yaya zan gyara tsakanina da Allah?

'Yar'uwa daga Sabon Tasha: Salama gare ku cikin sunan Yesu. Ina sayar da masara, dawa da wake. Mudu biyu gare ni: mai kyau na saye, da wanda aka buga wa gindi na sayarwa. Tun da na ji an karanta Maimaitawar Shari'a 25:13-16, inda aka hana ajiye mudu iri biyu, hankalina bai kwanta ba. Ina tsoron in na bar shi riba ba za ta kai kuɗin makarantar yara ba. Haƙƙin waɗanda na tauye wa fa? Ga Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo a coci don tunawa da mutuwar Yesu, na tafe, in ci ko in dakata?

Baba Dattijo, Barnawa: 'Yata, wannan rashin kwanciyar hankali aikin Ruhu Mai Tsarki ne, kada ki danne shi. Ki fara da furta zunubin a gaban Allah da sunansa, wato tauye awo, ba "kurakuraina" ba. 1 Yahaya 1:9 ta yi alkawarin gafara ga mai furtawa. Sannan ki lalata mudun nan yau. Kada ki ajiye shi a bayan buhu, ranar da kasuwa ta yi sanyi hannunki zai koma kansa. Kada kuma ki ba maƙwabciya.

Maman Zumunta, Kakuri: Ƙanwata, bari in taɓa batun riba, don nan ne yawanci ake komawa gidan jiya. Mace ta bar mugun mudu amma ba ta sake lissafi ba, sati biyu jari ya karye, sai ta ce gaskiya ba ta ciyar da mutum. Ki auna buhu ɗaya da mudu mai kyau, da tozon da kike yi wa mai saye, ki ga mudu nawa ya fita bayan an cire tsakuwa da ƙaiƙayi. Ki haɗa kuɗin buhu, na mota, na dako, da rabon kuɗin rumfa, ki raba. A ce duka sun kama naira 60,000, buhun ya ba da mudu 60: kowane mudu ya tsaya miki 1,000, a kan wannan za ki ɗora riba. In naki ya fi na kusa da ke tsada, ki faɗa a fili cewa mudunki cikakke ne, ki miƙa wa mai saye ya duba gindin. Wasu za su wuce, kada ya ba ki mamaki. Masu tuwon sayarwa da masu ƙosai ki nema, su ne ke sake aunawa a gida, sun san bambanci. Ki kuma lura da sauran algus: jiƙa hatsi, da cakuɗa tsohon wake mai ƙwari a cikin sabo. Duk gida ɗaya suke da mudun nan.

Malamin Makarantar Lahadi, Narayi: Mama, ga yadda za ki san nauyin da ke kanki. Kafin ki lalata mudun kamar yadda Baba ya ce, ki cika mai kyau ki juye a cikinsa, ki auna abin da ya rage da gwangwanin madara. Wannan ne kike riƙewa a kowane awo. Ki rubuta masu sayenki na kullum, ki ƙiyasta mudu nawa kowa ke ɗauka a wata. Littafin Firistoci 6:1-5 ya ce a mayar da abin a ƙara kashi ɗaya cikin biyar, wato haƙƙin 5,000 ya zama 6,000. Ba dole ki biya a tashi ɗaya ba, hatsi ma ya yi, amma ki gaya wa mutum dalili, kada ya ɗauka gyara ce. Na 'yan wucewa da ba za ki iya samu ba, ki duba Littafin Ƙidaya 5:8, ki kai ta hannun ikilisiya don gwauraye da marayu. Kada ki lissafa shi cikin zakka ko baiko, ba naki ba ne tun asali.

Baba Fasto, Ungwan Romi: Na yarda da Malam, sai dai kashi ɗaya cikin biyar ma'auni ne mai taimako, ba kuɗin sayen gafara ba. Zakka mai karɓar haraji, a Luka 19:8, ninki huɗu ya ɗauka wa kansa bayan Yesu ya riga ya shiga gidansa. Batun Jibi kuwa, 1 Korantiyawa 11:28 cewa ta yi mutum ya gwada kansa, sannan ya ci. In kin tuba, kin bar mudun, kin fara mayarwa, ki matso teburin ko da biyan bai ƙare ba. In har yanzu kina awo da shi, ki dakata. Kafin Lahadi ki je wurin fastonki tare da shugabar zumuntar mata, ki nuna musu takardar lissafin, ku sa ranar da za su sake tambayarki inda kika kai.