HIMARS ko mai sarƙa: wacce ta fi dacewa da rundunar ko-ta-kwana?

Sani: Jama'a ni fa na tsaya a kan bakana, indai maganar rundunar ko-ta-kwana ake, wadda za a ce tashi yau gobe tana fagen daga, to motar harba roka mai taya irin HIMARS ta gama magana. M270 mai tafiya kan sarƙa ta zama tsohon yayi.

Kawu Bala: Sani a dinga sassautawa. M270 akwati biyu take ɗauka, roka 12, ita kuwa HIMARS akwati ɗaya ne roka 6. Rabin wutar kenan. Ta yaya rabi zai fi duka?

Sani: Kawu ai ba a yawan rokar ake ba, a isa wurin ake. HIMARS nauyinta wajen tan 16 ne, tana shiga cikin jirgin C-130 wanda ke iya sauka ko a filin da ba kwalta, ta fito ta harba ta koma ciki jirgi ya tashi. M270 ta kai tan 25, sai an nemo mata babban jirgi irin C-17 ko C-5, kafin a samo jirgin da filin da zai sauka ai an gama yaƙin an watse.

Maryam: Ni tambaya gare ni yaya Sani, in ta harba shidan nan sai me? ta zauna jiran tsammani?

Sani: A'a, ƙugiyar lodi a jikinta take, mutum uku ne a ciki, su sauke akwatin da ya ƙare su ɗora sabo cikin 'yan mintuna.

Kawu Bala: To sabon akwatin daga sama zai faɗo? Nan ne fa nake so ku tsaya. Kowa na yabon motar ta shiga jirgi amma ba wanda ke lissafa motocin da za su biyo ta da akwatunan roka da mai da makanikai da masu nemo mata inda za ta saita, su ma duk jirgi za su hau, kuma rokar GMLRS da HIMARS ke harbawa guda ɗaya kuɗinta ya haura dala dubu 100, ba abin da za ka yi ta watsawa ba ne kamar Grad, motar harba roka ta Sobiyet mai bututu 40 da ke juye duka cikin daƙiƙa 20.

Auwal: Kawu amma Grad ɗin asali tun ta 1963 wajen kilomita 20 take kaiwa, kuma ruwan wuta take yi a fili, wanda ya samu ya samu. GMLRS tana wuce kilomita 70 da saitin GPS. Ku tuna Yukren a 2022, da HIMARS suka dinga dukan rumbunan makaman Rasha da gadar Antonivsky, zuwa Nuwamba Rasha ta janye daga birnin Kherson.

Kawu Bala: Madalla, ka kawo min hujjata da kanka. A Yukren wa ya ɗauke ta a C-130 ya kai ta bakin daga? A kan titi ta yi ta yawo da tayoyinta, ta harba ta gudu. Kuma daga baya Rasha ta fara toshe siginar GPS saitin ya ragu, ta kuma janye rumbunanta can baya.

Maryam: Ga kuma jirage marasa matuƙa yanzu, wlh ko ina ido ne. A 2024 an ga bidiyon wata HIMARS da aka bi sawunta aka tarwatsa.

Auwal: To ai mai sarƙar ma dron ba zai ƙyale ta ba. Gara ma mai taya da ke gudun kilomita 85 a awa.

Kawu Bala: A kan kwalta dai. Sa ta cikin taɓo ka ga yadda taya ke nutsewa mai sarƙa ta wuce abinta.

Sani: Taɓo na yarda, wannan kam ba musu. Amma ni rundunar gaggawa na ce, wadda in ba mai tayar ba to ba ta da roka kwata-kwata a makon farko. Ko Tarayyar Sobiyet sai da ta rage Grad zuwa bututu 12 a kan ƙaramar mota GAZ-66 saboda sojojin laima.

Kawu Bala: To ka goge "tsohon yayi" ɗin nan tukuna, don Birtaniya da Jamus har gobe suna aiki da M270.

Sani: Ba zan goge ba Kawu, sai ka faɗa min jirgin da za ka sa ta.