Na samu tsofaffin lens na majigi guda uku, ya ake ɗaura su a kyamara?

Auwal_TudunWada:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin lens ina neman taimako. Wani abokina mai sayen kayan gwangwan a kasuwar Panteka ya kirani wai an kawo musu kan injin silima tsoho za'a fasa, ya ciro min lens uku kafin guduma ta hau kai. Na farko dogo ne an rubuta ISCO-GÖTTINGEN KIPTAR da 120mm da Made in West Germany, na biyu ɗan ƙarami 50mm 1:1.2 Japan kawai, babu sunan kamfani, na ukun kuma nauyi gareshi sosai, in ka leƙa ciki gilashin ba zagaye yake ba kamar an matse shi, akwai 2x a jiki da lambobin nisa. Duk cikinsu babu wajen rage haske, biyun farko ko wajen juya fokas babu. Canon 700D nake aiki da ita. Shin zasu hau? wace adafta zan nema? kuma na ukun nan lalacewa yayi ne, dan na ɗora shi a gaban kyamara babu hoton da ya fito sai fari fat.

Injiniya_Sani:
Wa alaikumus salam. Malam Auwal kar ka sayi adaftar komai tukuna, awo zaka fara yi. Ka samu farar takarda da rula, ka tsaya cikin ɗaki ka kashe wuta, ka saita gaban lens ɗin ta taga zuwa wani abu mai nisa, tankin ruwa ko hasumiyar masallaci, kana matso da takardar ta bayansa a hankali har hoton ya fito tar a kife. Banda rana, dan lens mai faɗin nan tara zafi yake zai ƙona takardar, kuma ido ma ba'a wasa dashi. In hoton ya fito sai ka auna abu biyu, tazarar dake tsakanin ƙarshen ƙarfen lens ɗin da takardar, da kuma faɗin da'irar hasken data sauka.

Tazarar nan itace komai. Canon ɗinka daga bakin da ake ɗaura lens zuwa sensa, wato inda hoto ke sauka a cikin kyamara, 44mm ne saboda akwai madubi a tsakani, Nikon F 46.5mm, amma marasa madubi gajeru ne, Sony E 18mm, Fuji X 17.7mm, Canon RF 20mm, Nikon Z 16mm. To in ka auna ka samu tazarar lens ɗinka bata kai 44mm ba, a kyamararka bazai taɓa kama abu mai nisa ba sai na kusa-kusa kamar zobe ko fure, in kuma kace zaka cusa shi ciki dan ya kai, madubin ne zai dake shi lokacin da ka danna, gyaran yafi kuɗin lens ɗin nesa ba kusa ba.

Ɗan ƙaramin 50mm 1.2 ɗin nan na majigin 16mm ne, irin na Eiki da Elmo da makarantu da ma'aikatu suka riƙa amfani dasu. Hoton fim ɗin 16mm kwata-kwata wajen 10mm ne da 7.5mm, kuma lens ɗin dab da fim yake zama, dan haka ka cire rai dashi a 700D. A mara madubi mai ƙaramar sensa yana yi, sai dai gefe-gefe yakan yi duhu.

Kiptar ɗin shine abin harka. Na fim ɗin 35mm ne na gidan silima, Isco kamfanin Jamus ne a garin Göttingen, kuma West Germany ɗin da ka gani na nufin kafin haɗewar Jamus a 1990 aka yi shi. Hoton fim na silima wajen 21mm da 15mm ne, sensarka kuma 22.3 da 14.9, kaga kamar dan ita akayi shi. Ƙirar Petzval ce, wadda Joseph Petzval ya lissafa tun 1840 a Vienna, tsakiya kaifi kamar me, gefe kuma ya narke ganye da fitilu su riƙa yin kamar suna juyawa, abinda masu hoton fuska ke bi kenan.

Sai ka auna kaurin jikinsa, dan basu da baki irin na kyamara, zura su kawai ake a rami a ɗaure. Kaurin da aka saba gani 42.5mm a na silaid irinsu Leitz Colorplan, sai 52.5mm, 62.5mm da 70.6mm a na silima. In naka 62.5 ne abu uku kake buƙata, zoben da zai riƙe jikin da ƙananan kusoshi, da helikoid M65 wato zoben da in ka juya yake tsawo yana gajarta shine zai zama fokas ɗinka, sai siririn zobe daga M65 zuwa bakin Canon. Helikoid ɗin tsayi-tsayi ne, akwai 17-31mm akwai 25-55mm, shiyasa nace awo kafin oda.

Baba_Operator:
Yaro na ukun nan lafiyarsa ƙalau, kada ka bari a auna shi a kilo. Anamofik ne, mu sikof muke ce masa. Shi kaɗai baya yin hoto, a gaban wani lens ɗin ake ɗaura shi. Na yi aikin haska fim a garin nan tun ana amfani da sandar kabon, injina biyu a ɗaki, kowane faifai wajen minti 20, kana kallon ɗigon da zai bayyana a kusurwar sama ta dama ka tada ɗayan injin, in ka yi jinkiri ihu zaka ji daga ƙasa. Fina-finan sikof a matse ake ɗaukarsu, in ka ɗaga fim ɗin a haske zaka ga mutane dogaye sirara, wannan gilashin ne ke buɗe su ninki biyu a allo, 2x ɗin kenan. Tun 1953 da CinemaScope abin ya shigo. In ya karkace ko kaɗan sai kaga gini ya jingina, dan haka kullum sai mun daidaita shi kafin mutane su shigo. Abin yana min ciwo yadda ake fasa injinan nan dan ƙarfe da tagulla, Allah ya yiwa abokinka albarka da ya ciro su.

Auwal_TudunWada:
Amin Baba, nagode ƙwarai, Allah ya ƙara lafiya. Wato in na sashi a gaban 50mm ɗina na Canon zai matse min bidiyo in buɗe a editin? Injiniya nayi awon, Kiptar ya wuce 44mm da ɗan dama, kaurin kuma 62 da wani abu a rula. Amma akwai wani farin zare-zare a gilashin baya ta ciki.

Injiniya_Sani:
Zai matse, amma a ƙaramar sensa 50mm shine kusan iyaka, wani ma sai 85mm kafin baƙin gefe ya tafi, kuma fokas biyu zakayi, na lens ɗinka da na anamofik ɗin su zo nisa ɗaya. Ka sa masa abin tallafi, nauyinsa zai iya ɓalle bakin lens ɗin roba. Zaren nan fumfuna ce, danshin damina ke kawota. In kaɗan ce bata cika nunawa a hoto ba, mai gyaran kyamara zai buɗe ya goge, ka ce ya yi wa kowane gilashi alama dan in aka juya ɗaya baibai hoton ya tashi aiki. Kafin nan kar ka haɗa shi jaka ɗaya da sauran lens ɗinka.

Rabi_Hotuna:
Ni kam Injiniya ban ga dalilin jiran oda ba kafin mutum ya san ko hoton ma zai burge shi. Malam Auwal ka samu murfin bodin Canon a huda tsakiya da faɗi, ka manna guntun fayif ɗin roba na famfo wanda lens ɗin zai shiga, ka liƙa baƙin yadi a ciki ya riƙe shi ya kuma kashe ƙyalli, sai ka riƙa zura shi gaba da baya da hannu, haka nake amfani da Diaplan ɗina, lens ne na majigin silaid. In ya maka, masu injin sassaƙa ƙarfe a Panteka ɗin nan zasu iya fidda maka zoben alminiyom, kaje musu da lens ɗin su auna da kansu.

Amma dan Allah kar ka tafi dashi biki kace dashi zaka ɗauki kamu ko shigowar amarya, fokas ɗinsa siriri ne, ido ya fito kunne ya narke, kuma amarya bazata tsaya kana zura fayif ba. Na zaunar da mutum ne a nutse, yamma-yamma a wurin shaƙatawa na Gamji bishiyoyi a baya. Tunda lens ɗin a buɗe yake kullum babu wajen rage haske, da rana ko ka sa ISO 100 da 1/4000 wanda shine ƙarshen 700D haske kan yi yawa, sai ka nemi filta ND, gilashi mai duhu dake rage haske, ko ka yanka baƙin kwali ka huda tsakiya ka rufa a gaba, yana rage haske ya ƙara kaifi, sai dai juyawar nan ta baya zata ragu. Ka juya maɓallin saitin kyamarar zuwa M ko Av, ka kunna allon baya ka zuƙo hoton sau 10 kafin ka danna.