Musayar Waƙa a Kan Launi da Mutanen Da

Malam Sada:
Assalamu alaikum. Yau launi za mu taɓa. Ƙwar biyar, amsa-amon waje "ni". Wanda zai kawo tarihi ya kawo shi daidai.

Da sunan Allah nake farawa,
Wanda ya bai wa ido ganewa,
Fari da baƙi yake rarrabewa,
Ku matso kusa a yi tattaunawa
A kan abin da ake kira launi.

Mutanen farko sun koma ƙasa,
Ba takarda, ba alƙalami a kusa,
Sai suka niƙa dutse da jar ƙasa,
Suka shafe bango ƙasa da bisa,
Wasiƙarsu ke nan ga wannan zamani.

A kogon Blombos na kudun Afirka,
Masana sun durƙusa sun yi haƙa,
Ga kwanson teku, ga jar ƙasa an niƙa,
Shekara dubu ɗari ta kasa cinye duka,
Ja ne farkon magana, launin jini.

Hajiya Turai:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi saurin ɗaura wa ja jini.

Malam, ka ba ja jini, ban ƙi ba,
Amma Masar ba haka ta fassara ba,
Ja hamada ce da ba ta tsiro ba,
Ƙasar Set, inda ruwa bai sauka ba,
Deshret suke ce mata, gidan rani.

Baƙin da wasu ke sawa don makoki,
Su a wurinsu shi ne arziki,
Lakar Nilu mai sa a fita aiki,
Kemet, sunan ƙasarsu ke nan a baki,
Baƙar ƙasa mai ciyar da birni.

Osiris kuwa, kore suka yi wa fuska,
Ba ciwo ba ne, ba bugun iska,
Tsiro ne mai fitowa bayan shuka,
Matacce zai tashi, haka suka ɗauka,
Ma'ana tana bin wuri da ƙarni.

Set da Osiris da na ambata gumakan Masarawan dā ne.

Bashir Mai Alƙalami:
Hajiya, Allah ya ƙara basira. Ni dai gani nake ku biyun kun tsallake batun wahala. Launin da ya yi wuyar samu, shi ke hawa jikin sarki.

Hajiya, bari in kawo tawa,
A birnin Taya ake ta fasawa,
Dodon koɗin teku ake tarawa,
A bar shi a tukunya yana ruɓewa,
Wari ya cika gari saboda rini.

Cikin wannan ɗoyi shunayya ke fita,
Sarakunan Rum suka zo suka keɓe ta,
Talaka ya ɗaura, sai a hukunta,
Har ɗakin haihuwar 'ya'yan sarauta,
Shunayyan dutse aka sa wa gini.

Shuɗin da Turawa ke sawa a coci,
Daga Badakshan yake zuwa da fatauci,
Raƙumi da jirgi, tafiya mai ƙunci,
Mayafin Maryam aka ba shi don mutunci,
Yakan fi zinariya tsada a ma'auni.

Don kada a ce na zuzuta: a 1909 wani masanin sinadari, Paul Friedländer, ya fasa dodon koɗi 12,000, abin da ya samu na rinin giram 1.4 ne kacal. Taya tsohon birni ne a gaɓar tekun Lebanon. Ɗakin da na ambata kuwa a fadar Kustantiniyya yake a da.

Yaya Hadiza:
Ƙanena, ba komai ne kuɗi ba. Rawaya ba ta da wuyar samu, amma ji yadda ta kaya.

Ƙanena, tafi Sin ka ga tsari,
Gabas kore, yamma kuwa fari,
Kudu ja, arewa baƙi kamar hadari,
Rawaya a tsaka, ita ce cibiyar gari,
Sarki ya ɗauke ta ya hana wani.

Fadar Beijin rufinta rawaya,
Daga nesa yana ƙyalli kamar zinariya,
Ɗakin littattafai ya fita daban a tsakiya,
Baƙin rufi aka yi masa don kariya,
Baƙi ruwa ne, ga gobara magani.

Wenyuan ne sunan ɗakin, an gina shi a 1776. A tsarinsu kowane launi yana da abokinsa, baƙi na ruwa ne, ja na wuta. To wa zai ɗora wa takardu wani launi in ba na ruwa ba? Wannan rufin yana burge ni fiye da duk zinariyar fadar.

Bashir Mai Alƙalami:
Yaya, na sha kaye, na karɓa. Ɗango biyu kawai:

Fenti ba ya kashe wuta, kin sani,
Amma na ga abin da suke tunani.

Baba Ilu:
Tun ɗazu nake karanta ku ina murmushi. Kowa yana fassara launin da ya gani. Wanda ya goge fa?

'Ya'yana, kuna karanta abin da ya saura,
Ku dubi gumakan Girka na marmara,
Turai ta gan su farare ta yi ta tara,
Ta ce fari ne kyau, da shi aka fara,
Alhali da fentinsu tun a wurin gini.

Da leɓe ja, da ido kamar an sa kwalli,
Da riga mai ado tana ƙyalli,
Ruwa da ƙasa suka mai da su alli,
Masana suka zauna a wannan mahalli,
Tabo suke yabo, sun manta rauni.

Sojan yumɓu, ana cikin tonowa,
Fuskarsa da launi kamar mai rayuwa,
Iska na taɓa shi, fenti na naɗewa,
Kafin a kira wani ya zo dubawa,
Ya zube ƙasa, toka-toka ake gani.

Na Girka, wani masani Bajamushe, Winckelmann, ne ya fi kowa koɗa farinsu a littafinsa na 1764, aka yi ta bin sa. Yanzu in an haska musu wata irin fitila a cikin duhu, sai ka ga sawun zanen rigar ya fito a jikin dutsen. Sojojin yumɓun kuwa manoma masu haƙa rijiya suka ci karo da su a 1974 kusa da birnin Xi'an na ƙasar Sin. An shafa musu ƙaron itace kafin fenti. Da ƙaron ya ji busasshiyar iska sai ya nannaɗe kamar ɓawo, cikin 'yan mintuna ya tafi da launin. Duk wanda ya ga hotonsu yau sai ya ɗauka runduna ce mai launin ƙasa.

Hajiya Turai:
Baba, Allah ya ja kwana. Ka tsorata mu, amma akwai wanda ya ƙi gogewa.

Baba, ba duka ne suka gudu ba,
Shuɗin Maya bai sunkuya ba,
Baba da yumɓu, wuta ba mai ƙarfi ba,
Damina da rana ba su ci shi ba,
Yana bango har yau yana nuni.

A Cicen Itza akwai rijiya mai zurfi,
Can suke roƙon ruwa da ƙarfi,
A shafe hadaya da shuɗi kamar rufi,
A jefa wa Chaak, ruwa suke nufi,
Har ƙasan rijiyar ya rine da launi.

Maya mutanen dā ne na yankin Meziko, Cicen Itza birninsu ne, Chaak kuwa gunkinsu na ruwan sama. Ku yi haƙuri da "Baba da yumɓu", baban rini nake nufi, ba Baba Ilu ba.

Baba Ilu:
Na ji, 'yata. In an kwaɓa ni da yumɓu ai ba zan kai ƙarni ba.

Bashir Mai Alƙalami:
Tunda an yi dariya, bari in dawo ta taga. A 1856 William Perkin, yaro ɗan shekara 18 a Landan, yana neman haɗa maganin zazzaɓi sai ya faɗa kan rini.

Yaro yana neman kwinin a kwalba,
Baƙin dauɗa ya samu, bai zubar ba,
Ya wanke, sai ga abin da bai nema ba,
Shunayyar da talaka bai taɓa sawa ba,
Ta shiga kasuwa, kowa na da amfani.

Yaya Hadiza, da tsadar ta faɗi, ina sarautar ta tafi?

Yaya Hadiza:
Ta tafi inda sarakunan suka tafi, ƙanena. Wannan karon mun yi kunnen doki.

Malam Sada:
Maganar Baba ta mai da ni kogo, inda na fara. Na Lasko a Faransa, samari huɗu suka gano shi a 1940, aka buɗe wa jama'a a 1948, aka rufe a 1963.

Dawaki da bijimai a jikin dutse,
Ja, rawaya, baƙi, ba wanda ya gutsure,
Shekara dubu sha bakwai suna a ɓoye,
Duhu da sanyi suka riƙe su a tsare,
Ba shuɗi, ba kore, uku ne launi.

Da aka buɗe ƙofa jama'a suka taru,
Numfashi da gumi a ciki suka ƙaru,
Kore ya tsiro a bango, masana suka razanu,
Aka sa makulli don dawakin su tsaru,
Kwafi aka gina a gefe don masu son gani.

Koren da masu zanen ba su da shi, gansakuka ce ta kawo musu. Kwafin an buɗe shi a 1983. Hajiya, ɗango na uku a baitina na ƙarshe ya yi tsawo, na sani, a gyara mini.