Dan Allah me za mu kira mentor da Hausa?

Malamar Agege: Salam jama'a, taimako nake nema da gaggawa. Ina fassara wata takarda kan ɗaliban NCE masu koyon aikin malanta lokacin korona, tun da aka rufe makarantu a Maris 2020 babu ajin da za su shiga su gwada koyarwa, sai tsofaffin malamai suka riƙa bin su ta WhatsApp, ɗalibi ya turo tsarin darasinsa ko ya naɗi muryarsa yana koyarwa a saurara a gyara masa, don Zoom cin data gare shi ga kuma rashin wuta. Wannan tsohon malamin shi ne mentor, aikin kuma mentoring. Gobe da safe zan miƙa.

Ɗan Idi-Araba: Jagora kawai Anti.

Malamar Agege: Shi na fara sawa, amma da na zo kan aikin sai ya koma jagoranci, mai karatu zai zaci shugabanci ake nufi.

Baban Yara: Murabbi fa? Ai ba duba aiki kaɗai yake ba, har lallashi yake in yaro ya karaya.

Malamin Akoka: Murabbi Larabci ne, sai yaushe za mu daina aro? Muna da raino. Na daɗe ina cewa maraini, kamar manomi da maɗinki, ba a saurare ni ba.

Ɗan Idi-Araba: Allah gafarta Malam, a rubuce fa kowa mai raina mutane zai karanta.

Malamin Akoka: Matsalarku kenan yaran Legas, Hausar kasuwar Mile 12 kuka tashi da ita, shi ya sa kunnenku bai rarrabewa.

Baban Yara: Haba Malam, wannan maganar ba ta dace ba wallahi. Kakanninmu na Agege tun zamanin fataucin goro kuma ba su yar da harshensu ba. Sannan malam da darasi da kake faɗa kullum daga ina suka zo in ba Larabci ba?

Malamar Agege: Dan Allah a yi haƙuri, dare na yi. Zan sa jagora ga mutumin, aikin kuma rainon sabbin malamai ta intanet.

Malamin Akoka: To sa hakan tunda lokaci ya ƙure, amma ni ban janye maraini ba.

Ɗan Idi-Araba: Anti shi kuma ɗalibin da ake rainon me za ki kira shi?